Lodi 11 daga Maraɗi zuwa Dawanau: yadda na samu masu dakon kayana

Ni ɗan kasuwar amfanin gona ne a Dawanau, amma a Katsina aka yanke mini cibiya, mahaifiyata kuma 'yar Tibirin Gobir ce, nan gefen Maraɗi. Sama da shekara 20 ke nan ina sayo wake da aya da riɗi daga can ina kawowa Kano. A da ni nake bin kayana da ƙafata, in kwana a tasha, in zauna gaban mota kusa da direba har mu sauke. Yanzu gwiwa ta hana, hanyar ma ta canza hali. Tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024 na danƙa dako da takardu gaba ɗaya a hannun ofishi guda, zuwa yau sun yi mini lodi 11. Abokan sana'a kan tare ni bayan azahar su tambaye ni ko mutanen nan sun ci kuɗin da suke karɓa. Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan kama sunansu ba, domin zan faɗi laifinsu a ciki, kuma mutane ne da nake jin nauyinsu. Wanda ke neman irinsu zai gane su ta alamomin da zan kawo.

Mutum biyu ne suka haɗa jari. Ɗaya yana zaune a Magamar Jibiya, shi ke fama da takardun kwastan na Turanci. Ɗayan yana Maraɗi, shi ya san duwan, wato kwastan na Nijar, da takardunsu na Faransanci. Kowanne ofishinsa ɗaki guda ne, da benci, da tebur, da sikeli a bakin ƙofa. Suna da motoci huɗu nasu na kansu, in aiki ya yi yawa su ɗauko haya, amma ko motar haya ce sunansu ne a kan takarda. A Dawanau kuma suna da yaro guda mai karɓar mota ya tsaya a kan sauke kaya. Aikinsu shi ne su tsaya a kan awo da ƙirga ranar lodi, su yi takardun ɓangare biyu, su turo maka hoton mota da na rasit ta WhatsApp, su kawo kaya har ƙofar sitonka. Rabin kuɗin dako ranar lodi, rabi ranar sauke. Ka ga dama ka biya naira, ka ga dama sefa, amma canjin ranar ake rubutawa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga lokacin da jikar sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000.

Abin da ya kai ni wurinsu asara ce. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai. Kwana 4 tsakani shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba ta. A lokacin ina da buhu 180 na riɗi a kan hanya, a motar wani direba da ɗan kamasho ya haɗa mu a tasha. Mota ta maƙale a Ɗan Isa, garin bakin iyaka na ɓangaren Nijar. Da aka yi mako biyu direba ya ce ba zai bar motarsa tana shan rana a banza ba, ya sauke kayan a wani shago ya kama gabansa. Da ƙura ta lafa na je da kaina, buhu 140 na tarar, a cikinsu ma ɓera ya yi nasa aikin. Direba ya ce in tambayi mai shago, mai shago ya rantse haka aka kawo masa, ɗan kamasho ya ce shi haɗawa kawai ya yi. Babu takarda, babu shaida. Na bar wa Allah, amma na yi wa kaina alƙawarin ba zan sake ɗora ko tiya ɗaya a motar da ban san ƙofar da zan buga ba in abu ya ɓaci.

Rufewar nan ta kai kusan wata 8. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ta biyo baya ranar 22. Amma kafin nan, tun ranar 28 ga Janairu, Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar. Dokar ƙungiyar ta ce mai fita sai ya ba da sanarwar shekara guda, saboda haka sai ranar 29 ga Janairu 2025 fitar ta tabbata. A shekarar nan ta jira mu 'yan kasuwa ba mu san matsayinmu ba. Kowa da jita-jitarsa: za a sa biza, za a ninka haraji, za a kori masu shaguna.

Nan na fara ganin amfanin ofishin. Ranar da fitar ta tabbata, na Jibiya ya turo wa duk masu hulɗa da su saƙon murya na minti uku, ya bayyana abin da aka ce a hukumance ba ƙari ba ragi. ECOWAS ta ce har zuwa wani lokaci za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, za su shiga su fita ba biza, kayansu kuma za su ci gaba da cin sassaucin haraji irin na da. Su ma ƙasashen uku, waɗanda suka kafa nasu ƙawancen na AES, tun a Disamba sun ce mutanen ECOWAS za su shiga musu ba biza. Sai ya rufe da cewa: "Alhazai, wannan fa ba yarjejeniya ba ce da aka sa wa hannu, kowa dai ya ce zai ci gaba da yin abin da ya saba. Ranar da wani ya fasa babu inda za a kai shi ƙara. Kowa ya riƙe takardunsa cikakku, mai tafiya ya ɗauki fasfo da katin rigakafi." Na yi ta ƙetarawa bayan nan ba wanda ya tambaye ni biza, sai dai tambayoyi sun ƙaru, duba takarda ya ƙaru. Haka da aka fito da harajin kashi 0.5 cikin 100 na AES a ƙarshen Maris 2025 a kan kayan da ake shigar musu daga waje, su suka zaunar da masu kai kayan Singa da Kantin Kwari suka yi musu bayani. Ni bai taɓa ni kai tsaye ba tunda kayana fitowa suke yi.

Babban abin da suke sayarwa, a ganina, takarda ce mai shafi ɗaya. Gaba Hausa, baya Faransanci. Ni ba na jin Faransanci, don haka na ba ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya yi boko a Yamai ya karanta mini, ya ce maganar ɗaya ce. Kafin a ɗora buhun farko sai an karanta ta da ƙarfi a gaban mai saye da mai sayarwa, in ɗaya ba ya nan a kira shi a waya ya ji. A ciki ake rubuta yawan buhu da nauyi, da irin kuɗin da aka yi ciniki da shi, da lokacin da kaya ke fita daga wuyan mai sayarwa. A tsarinsu kaya na mai sayarwa ne har sai sun hau mota an buga hatimi, daga nan suna wuyan ofis har a sauke, sannan su zama naka. Layi na ƙarshe shi ne wanda a farko na ɗauka ado ne: kowane ɓangare ya faɗi sunan dattijo ɗaya da ya yarda ya zauna masa in saɓani ya taso, a rubuta tun yanzu. Na tambayi na Maraɗi me ya sa za mu fara da zancen rigima alhali ko bisimilla ba mu yi ba. Ya ce, "Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. In rai ya ɓaci, duk wanda ka kawo ɗan'uwanka zai ce naka ne."

Wata bakwai ba su cika ba na ga ranar layin nan. Akwai wani Alhaji a Maraɗi da na shekara 9 ina sayen wake a hannunsa. A farkon Oktoba 2024, kaka ta shigo, muka yi cinikin buhu 400, na tura masa rabin kuɗin a sefa ta hannun 'yan canji. Ya baza yaransa ƙauyuka suka tara waken. A tsakiyar watan gwamnatin Nijar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. A daren na san cewa ficewar nan ta iso har cikin sitona, domin abokan ƙawancen sababbi an bar musu ƙofa, mu da muke maƙwabtan Maraɗi mun zama 'yan waje.

Da safe ya kira ni. "Alhaji, lahiya? Wakenka na nan cikin sito, ni na cika alƙawali. Taho ka san yadda za ka yi da abinka."

Na ce, "Alhaji, wake a kan mota muka yi da kai, ba wake a sito ba."

Daga nan murya ta fara tashi. Shi yana ganin saboda ni ya zuba kuɗinsa, ga farashi ya fara sauka a can tunda masu sayen Najeriya sun janye. Ni ina ganin kuɗina sun maƙale a wata ƙasa a lokacin da kowa ke cika sito. Shekara 9 na cin abinci a kwano ɗaya suka nemi tafiya a waya guda. Wasu suka ba ni shawara in bi ta daji, babura su riƙa ɗauko buhu bibbiyu da dare. Na tuntuɓi na Jibiya, ba don ina so ba sai don hankalina ya tashi. Ya ce, "Alhaji, mu ba ma bin daji. In aka kama, kayanka sun tafi, sunanmu a bakin iyaka ya tafi, ga hanyar dajin Jibiya ka san halin da take ciki. Ka zo a zauna." Na ji haushinsa a ranar. Yau ina yi masa addu'a.

Mun zauna a Maraɗi, a zauren gidan na can, bayan la'asar. Mu shida: ni da Alhajin, masu ofis biyu, dattijon da ya zaɓa daga cikin manyan 'yan hatsi na garin, da wanda na zaɓa, wani malami abokin mahaifina da na ɗauko daga Katsina. Aka buɗe da addu'a, aka raba goro, aka karanta takardar nan daga farko har ƙarshe. Kowa ya yi magana ba a katse shi ba. Abin da ya burge ni, masu ofis ba su ce uffan ba sai da aka tambaye su, da aka tambaye su kuma littafi suka buɗe: ga ranar da kuɗi suka shiga, ga canjin ranar, ga buhu nawa yaronsu ya ƙirga a siton.

A takarda gaskiya tawa ce, wake bai hau mota ba, saboda haka bai zama nawa ba. Amma dattijon Maraɗi ya ce wata magana da ban iya musa ta ba. Ya ce mutumin nan bai ci amana ba, bai yi jinkiri ba, doka ce ta faɗo daga sama a kanku duka, in aka ɗora masa asarar shi kaɗai an bi takarda amma an kashe zumunci. Malamin da na kawo ya gyara zama ya ce kuɗin da aka bayar a sefa a sefa suke dawowa, hawan naira ko saukarta ba ya shiga lissafi, wannan babu ja a ciki. Game da asara kuwa ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗana, Allah Ya ce sulhu alheri ne. Haƙƙinka ne, amma ina roƙonka ka sassauta." Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro ba zan iya ce masa a'a ba.

Aka tsaya a kan cewa faɗuwar farashin buhu 200 da aka saya da kuɗina mu raba ta biyu, na sauran 200 shi ya ɗauka. Abin da ya rage na kuɗina, kashi biyu cikin uku ya ba ni aya a farashin kasuwar ranar, tunda aya ba ta cikin dokar, ragowar ya biya a sefa cikin kwana 60. Aka rubuta, kowa ya sa hannu. Ya biya a kwana na 52. Ban fita da daɗin rai ɗari bisa ɗari ba, na yi asarar da har yau nake ganin ba tawa ba ce. Amma kuɗina sun dawo, kuma har gobe a hannunsa nake sayen aya. Ofis bai karɓi ko dala ba a kan zaman, kuɗin motar malamina kawai na biya. Ribarsu ita ce dakon ayar.

Da na dawo, don in san abin da na tsallake, na je wurin wani lauya a Kano na ba shi labari. Ya ce da na kai ƙara a nan, ko na yi nasara hukuncin ba ya aiki kai tsaye a Maraɗi sai an sake bi ta kotun can ta amince da shi. Da na kai ƙara a can kuma, dokar kasuwancinsu ta OHADA ce, wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kanta, babbar kotunta tana Abijan, Najeriya kuwa ba ta ciki. Komai da Faransanci, sai lauyan can, sai tafinta. Na tambaye shi kotun ECOWAS da ke Abuja fa? Ya ce ko da Nijar tana ciki ba wurin rigimar buhun wake ba ne tsakanin 'yan kasuwa biyu. Duk da haka raina ya sosu da na tuna cewa ita ce kotun da a 2008 ta saurari Hadijatou Mani, baiwar Allah 'yar Nijar da aka sayar tana yarinya, ta kama gwamnatin ƙasarta da laifin gaza kare ta daga bauta, ta sa aka biya ta sefa miliyan 10. Talakan Nijar ya rasa wannan ƙofar, kuma ban ji ana yawan maganarta ba.

Sulhu tsakanin mutum biyu da ba ruwanka da asararsu abu ne mai sauƙi. Inda na auna su da gaske shi ne ranar da laifin ya zama nasu. A Agustan 2025, lodi na 9, buhu 300 na aya. Yaron ofis na Maraɗi ya rubuta 280 a ɗaya daga cikin takardun. A bakin iyaka jami'ai suka ga takarda da takarda sun saɓa, suka tsayar da mota, kuma aikinsu suka yi. Kafin a gyara an kwana 4. Tsakiyar damina ce, tamfol ɗin motar tsoho ne mai faci, ruwa ya samu hanya. Aya kuwa ba ta shiri da danshi. Da mota ta iso Dawanau, tun daga nesa hancina ya gaya mini. Buhu 31 sun yi fumfuna.

Laifinsu na farko a nan, kuma shi ya fi yi mini ciwo, shiru ne. Sai a kwana na uku aka gaya mini mota tana tsaye. Kwana biyu ina kiran direba waya a kashe, in kira ofis a ce mini "tana hanya, Alhaji". Da sun faɗa tun daren farko da na sa an kai sabon tamfol daga Katsina, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Na gaya wa na Jibiya a fuskarsa cewa asarar aya zan iya jurewa, amma a ɓoye mini halin da dukiyata take ciki, wannan ba na yafe shi da sauƙi. Ya sunkuyar da kai ya ce sun yi zaton za su warware kafin in sani.

Abin da suka yi daidai shi ne ba su yi musun ɓarnar ba. Yaronsu na Dawanau ya tsaya muka farke buhu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga, ya ɗauki hoto, ya sa hannu. Saɓanin ya zo ne wajen biya. Su suka ce ruwan sama na Allah ne, a raba asara kamar yadda aka yi a kan wake. Ni na ce wannan daban, wancan daban. Takardarsu ta tanadi cewa in ofis ne ake ƙara, masu ofis ba sa zama a kujerar masu sulhu, sai su kawo dattijo, in kawo dattijo, su biyun su zaɓi na uku. Haka aka yi, a Jibiya wannan karon. Na ukun wani tsohon direban tirela ne da ya shekara 30 yana bin hanyar Kano zuwa Agadas. Ya saurari kowa, ya sa aka shimfiɗa tamfol ɗin a ƙasa ya bi facin da yatsa. Sannan ya ce, "Ruwa na Allah ne, ba mu ja ba. Amma tamfol naku ne, alƙalamin da ya rubuta 280 ma naku ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Malamina ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya, wadda duk mu da su ita muke bi, mai dakon abinci yana lamunin abin da ya ɗauka sai in ya kawo shaidar cewa ba daga gare shi ba ne.

Hukuncin shi ne su biya buhu 31 a farashin da na saya a Maraɗi, haɗe da kuɗin dakonsu, ba a farashin da zan sayar a Dawanau ba. Ayar da ta lalace ta zama tasu. Na so a sa mini ribata, aka ce ribar da ba a kai ga samu ba ba a ramata, na haƙura. Suka yi alƙawarin mako biyu, sai da aka yi mako biyar, rabi a hannu, rabi aka cire daga dakon lodi na gaba. Jinkirin nan ya nuna mini wani rauni: ba su da inshorar kaya. Daga aljihunsu suke biya. Buhu 31 sun iya, amma in mota guda ta kife ko ta ƙone, ban ga inda za su samo ba. Na faɗa musu, suka ce suna dubawa.

Akwai sauran abin gyara. Mai ƙaramin kaya ba ya samun kulawar da nake samu. Wata Hajiya mai kunun aya a unguwarmu na haɗa ta da su a kan buhu 15, aka haɗa ta da kayan mutane, ta jira kwana 12 kafin mota ta cika, takardar ma a gurguje aka karanta mata. Na ji kunya, domin ni na kai ta. Sannan duk ginin nan a kan mutum biyu yake tsaye, na Maraɗi kuma ya haura 60. Dattijan da ke zuwa zama darajar waɗannan biyun suke zuwa wa. Ran da aka rasa ɗaya, ko su biyun suka saɓa, ban san abin da takardar za ta tsinana ba.

Kuɗinsu ya fi na tasha da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Lokaci kuwa, in babu matsala kwana 3 ne daga lodi zuwa sauke, sau biyu ma a kwana 2 suka iso. A lodi 11, ban da na Agustan nan, buhu ɗaya bai taɓa ɓata ba, kuma ba a taɓa kirana daga hanya a ce in ƙaro kuɗi ba, abin da duk wanda ya yi hulɗa da motar tasha ya san zafinsa. Mai cika mota guda, ko masu haɗa kai su cika, ina ba shi shawara ya biya ƙarin nan da zuciya ɗaya. Mai buhu 10 ko 20 ya tambayi ranar tashin mota tukuna, a rubuta masa. Duk ofishin da za ka je, irin wannan ko wani, tambaye su wa ke yanke magana in su ne suka yi laifi. In suka yi dariya suka ce ba za a samu matsala ba, ɗauki hularka.

Ina yawan tuna Agustan 2023 in ina zaune a irin zauren nan. Tawagar farko da ECOWAS ta tura, da Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi a ciki, ta dawo daga Yamai ba ta ga Janar Tchiani, shugaban sojojin da suka karɓi mulki, ba. Bayan 'yan kwanaki Khalifa Muhammadu Sanusi II ya je ya gan shi, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je suka gan shi. Waɗanda ba su je da sanda a hannu ba su aka fara buɗe wa ƙofa. Ba na cikin masu cewa ƙungiyar ba ta da amfani, domin yarjejeniyarta ta 1979 ce ta sa na girma ina ƙetarawa gidan kakannina ba biza. Amma ban manta ba cewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakar nan alhali duk muna cikin ƙungiya ɗaya. Yanzu da aka rabu, doka tana iya fitowa yau ta fara aiki gobe, kamar yadda aka hana fitar da dabbobi daga Nijar gab da layyar 2025, masu raguna suka shiga irin halin da na shiga a kan wake.

Na ji cewa an zauna a Bamako a watan Mayun 2025 tsakanin shugaban hukumar ECOWAS da ministocin wajen ƙasashen uku, kafin nan kuma Yusuf Tuggar, ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, ya je Yamai a Afrilu. Na yi murna, amma Muritaniya da ta fita a 2000 sai a 2017 ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da ƙungiyar, ɗan kasuwa kuwa ba zai iya jiran shekara 17 da kaya a kan mota ba. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tasu ta ƙasa da ƙasa tun 1971, mazauninta a Yamai, ficewar nan ba ta shafe ta ba. Da za ta ajiye tebur ɗaya a Jibiya, ɗaya a Illela, ɗaya a Maigatari, inda za a riƙa sanar da sabuwar doka kafin ta fara aiki, a kuma buga hatimi a kan sulhun da dattawa suka yi don ya samu ƙarfi a ɓangare biyu, da an rage mana rabin fargaba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa, in ya fara aiki, kaya za su ninka, saɓani ma haka.

Lodi na 12 na riga na kama musu, da zarar sabuwar aya ta bushe. Na ce sai an ƙara layi biyu a takardar: duk motar da ta kwana inda ba a tsara ba a sanar da mai kaya kafin gari ya waye, sannan a turo hoton tamfol a shimfiɗe kafin a ɗora buhun farko. Na Jibiya ya karɓi na farko nan take, ya rubuta da hannunsa. Na biyun ya ce sai ya yi shawara da abokinsa, domin motoci biyu cikin huɗu sai an saya musu sabo. Na ce masa ina jiran amsa kafin in tura kafin alƙalami.